Ku Tambayi Tanti: "Alobera ta ƙone mani huska, saura sati ukku a ɗaura mani aure"

Salamu alaikum masu karatu. Tun da hunturu ya shigo Yamai ba abin da ke faɗowa cikin tarhona sai kukan fata, wannan ta ce ta tsage, waccan ta ce ta yi baƙi, to na ware saƙo uku da suka yi kama da juna. Na farkon na bar shi da Adarancinsa yadda ta rubuto, sunanta kawai na cire.

TAMBAYA

Salamu alaikum Tanti, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni ɗiyarki ta daga Tawa, shekaruna 22. Tanti don Allah ki taimake ni, saura sati ukku a ɗaura mani aure kuma huskata ta lalace. Wata ƙawata tat turo mani bidiyo ga WhatsApp na wata Ba'indiya tana yanka ganyen alobera tana gogawa ga huska, wai kwana bakwai huska ta yi sumul ta yi haske. Muna da shi cikin gida, innata tad dasa shi cikin tsohon bokiti tun ina ƙarama. Sai na yanko guda na tsaga na goga hakanan da ruwan ɗorawan nan da ke zubowa, na ƙara kurkum da lemun tsami kamar yadda anka yi ga bidiyon, na kwana da shi. Daren hwarko na ji zahi kamar an zuba mani tonka, ƙawar tac ce in daure shi na alamar magani ya kama, dauɗa ta ke hita. Na ƙara kwana biyu. Yanzu kumatuna sun yi ja sun tashi, ƙananan ƙuraje ko'ina, ƙaiƙayi ba ya barina kwana, inda na sosa kuma ya hwara baƙi. Na sayi wani jel na alobera kore shar ga kasuwa jikka biyu da rabi wai shi kwantar da abin, shi ma da na sa sai raɗaɗi. Mi za ni yi Tanti? Mai gyaran jiki za ta soma mani dilka sati mai zuwa kuma an riga an biya ta.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar. Kafin komai, daga yau ɗin nan ki ajiye ganyen, ki ajiye kurkum da lemun, ki ajiye koren jel ɗin ma, kuma ki gaishe mini da ƙawarki ki ce mata Tanti ta ce ƙarya aka yi mata ita ma. Wannan maganar ta "in ya yi zafi to yana aiki" na gaji da jinta wallahi, shekarun da na yi a bayan kantar farmasi ban ƙirga matan da suka zo mini da fuska a ɗaye ba, kowace da wannan karatun a bakinta. Fuska ba tukunya ba ce da za a ce sai an kankare ta, babu wata dauɗa da ke fita ta hanyar ƙuraje, in fata ta yi raɗaɗi to ihu take miki ki cire mata abin.

Bari in tsaga miki ganyen da baki ki ga inda aka yi kuskuren. Hawa uku ne. Akwai koren ɓawo mai ƙaya a gefe, akwai tsokar ciki fara ƙal mai yauƙi kamar kuɓewa, ita ce ake nema kuma kusan kashi 99 cikin 100 nata ruwa ne zalla. To tsakanin ɓawon da tsokar nan ne ruwan ɗorawan yake, mai ɗaci mai ɗan wari, cikinsa akwai wani sinadari da ake kira aloyin, makamin shukar ne da take korar dabbar da ta zo cinta. In an sha shi yana murɗa ciki ya sa zawo, in ya kwana a fata mai laushi yana ƙona ta. Ke kuma shi kika shafa, ba sau ɗaya ba har dare uku. Sannan dangin shukar nan sun haura iri 500, akwai namu na daji da tsofaffi ke ce wa zabuwa saboda ɗigo-ɗigon jikinsa, wasu su ce kabar giwa, kuma a ido kama suke yi sosai, don haka abin da inna ta dasa a bokiti ba dole ne ya zama irin na bidiyon ba.

Lemun tsamin ma ba ƙaramin laifi gare shi ba. Ban da tsaminsa da ke cin fatar da ta riga ta ji rauni, akwai abin da ke cikinsa wanda in ya taɓa fata rana ta doke shi sai ya zama ƙuna sosai, daga baya wurin ya bar baƙin tabo. Ki tuna ranar Tawa fa muke magana, wadda ko cikin hunturu ba ta san wasa ba. Ina kyautata zaton wani ɓangare na baƙin da kike gani daga nan ya fito, sauran kuma farcenki ne.

Koren jel ɗin nan kuwa dariya ya so ba ni, ki yi haƙuri. Tsokar alobera ta gaskiya ba ta da launi, kamar ruwa take, duk wanda kika gani kore shar kala aka zuba masa don ido ya yarda. Juya robar ki duba bayanta inda aka jera kayan haɗi da ƙananan baƙaƙe, ƙa'idar ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, to in kika ga Aloe barbadensis, wato sunan alobera a boko, can wajen wutsiya, a sama kuma ga alcool ga parfum, kin san ruwa da alkol da turare kika saya jikka biyu da rabi. Alkol a kan ɗanyen ciwo ai dole ya yi raɗaɗi. Turaren da magungunan hana ruɓewa da suke sawa su ne ma kan gaba cikin abin da ke tayar wa mutane da fata, sau da yawa alobera ake zagi alhali ba ita ta kashe zomon ba, rataya aka ba ta.

Abin iri biyu ne kuma ya kamata ki bambance. Akwai ƙuna ta nan take, wadda kowa zai iya samu in abin ya yi masa ƙarfi, tana tsayawa daidai inda aka shafa. Akwai kuma alerji, wato jikin mutum ne ya ƙi jinin abin, shi ba ya nuna kansa sai bayan kwana 1 zuwa 3, ƙaiƙayinsa ya fi zafinsa, yana iya yaɗuwa ya wuce inda aka shafa, kuma in jiki ya riga ya ƙulla wannan gabar to yawanci har abada ce, ko ɗan kaɗan ya taɓa ki sai ya tashi. Yadda kika ba da labari naki ya fara da ƙuna, amma ƙurajen da ƙaiƙayin da ya hana ki barci sun sa ban cire na biyun ba. Ana kuma jan kunnen wanda hannunsa ke tashi in ya yanka albasa ko tafarnuwa ya yi hankali da alobera, ke da kuke maƙwabtan Galmi kin fi ni sanin ko albasa na yi miki haka.

To yanzu gyara. Ruwa mai ɗan sanyi kawai za ki riƙa wanke fuska da shi, da tafin hannu, ba soso ba sabulun salo ba sabulu mai ƙamshi, ki ɗan dafa da tsumma mai laushi kada ki goge. In ƙaiƙayi ya taso ki jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa ki ɗora minti goma, ki yanke farce ƙasa-ƙasa don cikin barci ake ɓarnar. Ki shafa farin bazilin wanda ba turare, siriri, safe da dare. Ki guji rana iyakar iyawarki, da bakin murhu ma, amarya ce ke a ɗaga miki girki. Kuma gobe ba jibi ba ki sa inna ko yayarki ta raka ki babban asibitin Tawa, ki tafi da ganyen da robar jel ɗin a jaka lokotoro ya gani da idonsa. Mai yiwuwa ya rubuta miki man idorokortizon mai sauƙi na ƴan kwanaki da ƙwayar ƙaiƙayi. Abin da na roƙe ki don Allah, kada wata ta miƙo miki tib ɗin nan na masu bilicin ta ce kwana biyu ya share, zai share ɗin kuwa, amma ki karanta wasiƙa ta biyu ki ga kuɗin da ake biya daga baya. In kuma kika ga leɓe ko fatar ido sun kumbura, ko numfashi na yi miki wuya, wannan ba a jiran gari ya waye. Haka in wurin ya fara ruwa da mugunya, ko ɓawo mai kalar zuma, ko zazzaɓi ya shigo, ƙwayar cuta ta samu ƙofa, sai da maganinta daban.

Maganar dilka, na san nan ne zuciyarki take. Dilka gurza ce, ga kurkum ga turare ga hayaƙi, duk abin da fuskarki ba ta so yanzu. Jiki daga wuya zuwa ƙasa in lafiyarsa lau a yi, fuska kam a'a, ko an biya. Ke ba za ki iya faɗa wa mai gyaran ba na sani, kunya za ta hana ki, ki sa inna ko gwaggonki su yi mata magana. Baƙin lallen nan na kwalba ma ki yi hankali da shi, wanda ke kamawa baƙi ƙirin cikin minti kaɗan, yawanci sinadarin rinin gashi ake zuba masa kuma ya yi ƙaurin suna wajen tayar da fata, jan lallenmu na ganye ya ishe ki.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Jan da kumburin da ƙurajen, in kika bar fuskar ta huta, galibi sati 1 zuwa 3 sun kwanta, kin ga ba a yanke ƙauna ba in sha Allahu. Baƙin tabon ne ba zai gama tafiya kafin biki ba, fatarmu ta baƙar mace haka take, duk inda ta ji ciwo sai ta tara baƙi a wurin kuma watanni yake ɗauka yana kwaɗewa da kansa, in aka matsa masa da man haske ƙaruwa yake. Ranar buki in fatar ta rufe ba ɗanyen wuri, mai makiyaj ta rufe miki shi da hoda, da dare ki wanke. Angon ma ai ya san fuskar da ya gani ya ce yana so tun ba a turo bidiyo ba.

TAMBAYA

Tanti barka da aiki. Ni magidanci ne a nan Yamai. Maiɗakina ta sayi wani mai wajen wata mata a gurup ɗin WhatsApp, wai daga Indiya ake kawo shi, Ayurbeda, ganye ne zalla ba kemikal. Gaskiya sati ɗaya fuskarta ta yi haske ƙuraje suka ɓace har ni na yaba. Wata huɗu tana shafawa, da ya ƙare kwana uku fuska ta yi jawur da ƙuraje fiye da da, tana cewa kamar wuta, na kuma lura gashi ya fito mata a kumatu. Mai sayarwar ta ce fata ce ke neman abincinta a sake saye, jikka goma kwalba. Tana shayar da yaro ɗan wata bakwai. Mene ne Ayurbedan nan, kuma in sake saya?

AMSA

Malam sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da miji ne ya rubuto, ba kasafai ba. Kada ka saya.

Ayurbeda gaskiya ne akwai shi, ba mai gurup ta ƙirƙiro ba. Maganin gargajiyar Indiya ne, kalmar daga tsohon harshensu na Sanskirit take, ma'anarta ilimin rayuwa, kuma rubuce-rubucensu sun kai wajen shekaru dubu biyu da rubutawa. A wurinsu jiki yana tafiya ne bisa abu uku da suke kira bata da pitta da kafa, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo, kusan yadda namu masu maganin ke cewa wannan zafi ne wancan sanyi ne. Gwamnatinsu ta ɗauke shi da muhimmanci har ta buɗe masa ma'aikatar minista a 2014, tare da yoga da sauran magungunan gargajiya. Kayan da suke gyaran fata da su kuwa in na lissafo maka sai ka yi dariya, kurkum ne, da sandal, da wata farar laka, da alobera da suke kira kumari, da dogon yaro. E, dogon yaron nan da ya cika titunan Yamai da wanda aka jera a kwarin Majiya don tare iska, asalinsa ɗan Indiya ne, zamanin Turawa aka kawo mana shi. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya da mun ji an ce abu daga can yake sai mu ga kamar fatar ƴan wasan za a ɗura mana a kwalba, alhali rabin kayan suna ƙofar gidanmu.

To a cikin duk waɗannan babu wanda ke sa mace haske cikin sati ɗaya. Babu. Abin da ka zayyana mini, haske da wuri, ƙuraje su ɓace kamar an share, gashi a kumatu, sannan wuta ta tashi da an daina, wannan sawun kortikoyid ne, irin su betametazon da kilobetazol, magunguna masu ƙarfi na asibiti da ake zubawa cikin man a ɓoye a liƙa hoton ganye a kwalba. Likitocin fata na Indiya kansu sun daɗe suna kuka da wannan a ƙasarsu. Yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, fata ta saba da shi ta kasa zama babu shi, abin da mai sayarwar ta kira "neman abinci" ke nan, ita kuma jikka goma-goma na shigo mata. Daga nesa nake magana ban ga kwalbar ba, amma na ga irin fuskar nan da yawa.

Abu na biyu da ya fi tayar mini da hankali saboda yaron, shi ne zaiba, ƙarfen nan mai guba da ke gudu kamar ruwa. Ana sa ta cikin mayukan haske da yawa, tana ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana bi ta nono, tana kuma shafar yaro ta kumatun uwa da tawul da matashin kai. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta sa iyakar miligiram 1 cikin kilo guda na man shafawa, a 2023 kuma ƙasashen suka amince a hana ta kwata-kwata daga 2025, amma kwalbar da ta zo cikin akwatin wata ba ta san da wannan ba. Kuma a Ayurbeda ɗin kansa akwai reshen da da gangan yake haɗa ƙarafa cikin magani. A wani bincike da aka buga a 2004, wasu likitoci a Boston ta Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda 70 a shagunan garin suka auna, 14 suka fito da dalma ko zaiba ko arsenik, a wani da aka buga a 2008 suka sake da 193 da aka saya ta intanet, nan ma wajen ɗaya cikin biyar. Waɗannan magungunan sha ne ba na shafawa ba, amma ya ishe ka gane cewa "ganye zalla" a jikin kwali rubutu ne kawai.

Ku ɗauki tsohuwar kwalbar ko da ɗan saura a gindinta ku tafi wajen likitan fata, kuna Yamai abin ya zo muku da sauƙi, akwai cibiyar cututtukan fata da kuturta ta ƙasa, akwai kuma manyan asibitoci. Ku faɗa masa wata nawa ta yi tana shafawa, ku faɗa masa tana shayarwa, kada ta ɓoye don kunya. Shi zai san ko a yanke gaba ɗaya ko a sauko da ita a hankali da mai sauƙi. Nonon kada ta yaye shi da kanta kafin likita ya yi magana. Kuma ka shirya, makonnin farko fuskar za ta ƙara muni kafin ta dawo, lokacin ne mata ke karaya su koma wa kwalba a ɓoye, kai da ka yaba hasken da bakinka kai ne za ka zauna kana ce mata hakan ma ta yi maka.

TAMBAYA

Tanti ke dai kullum sai kushe kayan gargajiya. Ni shekara goma ina shafa alobera lafiya lau, har sha nake in ciki ya ɗaure. Wata yayarki daga Yamai.

AMSA

Yaya ban kushe ba wallahi, ni ma akwai ta a bayan ɗakina, in mai ya fantsar mini a hannu wajen suya bayan na sa hannun cikin ruwan sanyi ita nake shafawa. Mafi yawan mutane ba ta yi musu komai, ke kina cikinsu, amaryar Tawa ba ta ciki ko kuma hanyar ce ba ta bi ba. Hanyar kuwa, a yanko ganye babba daga gindi, a tsayar da shi cikin kofi bakin yankan a ƙasa kamar minti 20 ruwan ɗorawan ya tsiyaye, a fere ɓawon duka, a ɗauraye tsokar har ɗacin ya fita. Wadda ba ta taɓa sawa ba ta fara gwadawa a lanƙwasar gwiwar hannu, ɗan wuri kamar faɗin dala, safe da yamma har kwana 7 zuwa 10, in ba ja ba ƙaiƙayi sannan ta hau fuska. Haka za a yi wa kowane sabon mai, na Indiya ne ko na Faransa ko na kasuwar Katako.

Shan ne ban bi ki ba. Abin da ke sakin cikin shi ne aloyin ɗin nan, kuma tun 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin maganin ɗaurewar ciki da ake sayarwa ba takardar likita. Yawan shansa yana zubar da gishirin jiki ya sa hanji ya yi lalaci, mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin suga ko na zuciya kada su kusance shi. Ki ƙara ruwa da zogale da miyar kuka ki gani.

Tsokar da kika fere kuma ba ta daɗewa, a firigo ƴan kwanaki ne cikin kwalba mai murfi, in an ɗauke kuran ta kwana a zafi ko kika ga ta canja kala ko wari, zubar ki yanko wani.